Daga Bakin Wa Aka Ji? Karatun Ƙagaggun Labarai a Unguwar Hausawan Yawunde

Mai sayen atamfa a layin 'yan yadi na Briqueterie ba ya yarda da fuskar zane kawai. Sai ya juya bayansa ya ga ko rinin ya ratsa, ya murza gefe tsakanin yatsu ya ji ko sitaci aka cika masa, ya duba rubutun bakin yadin ya san inda aka buga shi, sannan a fara ciniki. Ƙagaggen labari ma irin wannan dubawa yake bukata, amma akasarin masu karatu fuskar suke kallo: wa ya auri wa, wa ya mutu, yaya aka ƙare. Da an kai shafin ƙarshe sai a ajiye, a ce ya yi daɗi ko bai yi ba, alhali rabin aikin marubucin yana nan ba a taɓa shi ba.

Briqueterie unguwa ce a gunduma ta biyu ta Yawunde, babban birnin Kamaru. Ta samo sunanta daga wurin gasa tubali na zamanin Jamusawa, 'yan ƙasa kuma, wato Ewondo, Ekoudou suke kiran wurin. Fatake Hausawa sun iso Yawunde tun Jamus na mulki, kuma a nan zuriyarsu ta yi kaka-gida, tare da Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga Nijar da Mali da Senegal. Duk birnin ya san unguwar da teloli da masallatai da kilishi da tsiren da ake kira soya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne irin harsunan da ɗan unguwar ke tashi da su: Hausa a gida, Fulatanci wajen maƙwabta, Larabci a makarantar allo, Faransanci a boko. Matashin Kano da ke son karanta marubutan Kamaru sai ya jira fassara. Ɗalibin Faris da ke son sanin abin da matan Kano ke rubutawa shi ma haka. Ɗan Briqueterie da ya iya haɗa baƙin Hausa yana iya shan ruwa biyun daga tushe.

Littattafan kuwa ba su yi masa nisa ba. A Yawunde aka kafa kamfanin ɗab'i na CLE a 1963, wanda ya fito da Le Fils d'Agatha Moudio na Francis Bebey a 1967. A nan Mongo Beti ya buɗe kantin littattafansa, Librairie des Peuples Noirs, a 1994, bayan ya shafe shekaru fiye da 30 yana gudun hijira a Faransa. Wanda aljihunsa bai kai kanti ba yana da 'yan poto, masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a gefen titi. Na Hausa a da sai ɗan kasuwa ya sako su cikin kaya daga Kano, yanzu kuwa ta waya suke shigowa, a WhatsApp ko a YouTube inda ake karanta su da murya.

Malaman adabi suna da kayan aikinsu, jigo da salo da zubi da tsari da taurari, kuma duk suna da amfani. Amma akwai tambaya guda da ta riga su duka, wadda kowane Bahaushe ke yi idan aka kawo masa labari a majalisa: daga bakin wa ka ji? Marubuci ba ya ba da labari da bakinsa. Wani yake zaɓa ya ɗora masa, kuma wannan zaɓi shi ke yanke abin da mai karatu zai gani da abin da za a ɓoye masa.

A ɗauki Ruwan Bagaja. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa, kuma daga cikinta aka sami littattafai biyar da har yau ake koyarwa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta nasa. Kowa ya tuna Alhaji Imam da ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, da abokin burminsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Kowa ya yi dariyar ranar da Alhaji ya shiga wani gari ya ce shi malami ne alhali ba ya da karatu, Zurƙe ya zo zai tona shi, aka tara jama'a. Alhaji ya ja wani lanƙwasasshen zane a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta jero sunayen haruffan da zanen ya yi kama da su, Alhaji na cewa a'a, daga ƙarshe ya ce ai jinjirin wata ne. Mutanen garin, da ba wanda ya san harafi a cikinsu amma kowa ya san wata, suka ba Alhaji gaskiya, suka kori mai ilimin.

To, a nan ya kamata mai karatu ya dakata. Wa ke da gaskiya a wannan zama? Zurƙe ne. Shi ya yi karatu, shi aka zalunta. Amma an yi shekara 90 yara da manya suna taya mayaudari murna, kuma ba don komai ba sai don labarin daga bakinsa ya fito. Alhaji Imam ne ke zaune yana ba Koje Sarkin Labari da sauran jama'a tarihin tafiyarsa, shi ke zaɓen inda za a yi dariya. Da Zurƙe aka ba bakin, da labarin ya zama kukan malami a garin jahilai. Wanda ya gane wannan zai ga cewa ƙarƙashin barkwancin akwai gargaɗi mai zafi daga malamin makaranta: jama'ar da ba ta karatu, wanda ya fi iya baki shi ke jan ta.

Imam ya sake yin dabarar a Magana Jari Ce, amma ta wata fuska. Labaran da aku ke ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman a littafi na farko ba don hira kawai ba ne. Akun yana jan lokaci ne har gari ya waye, don kada yaron ya fita daga fada ya faɗa tarkon waziri. Kowane labari aiki biyu yake yi, kuma wanda ya tsinci labaran ɗai-ɗai ya manta da mai faɗa ya rasa na biyun.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi su nauyi. Dattijon malami ne ke ba almajiransa tarihinsa cikin natsuwa: an sace shi yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu har ya zama shaihi. Muryar a kwance take, ba fushi ba kuka. Sai ga labarin mahaifiyarsa ya kutso, matar da ta bar gida don neman ɗanta, aka bautar da ita, ta sha azaba, ta gan shi daga ƙarshe, ta rasu ba da jimawa ba. Hanya ɗaya ce ta ɗaukaka ɗan ta cinye uwar. Shaihun bai tsaya yin huɗuba a kan haka ba, kuma wannan shirun nasa shi ne ƙarfin littafin.

Idan aka juyo gida Kamaru, ba wanda ya ƙware a wannan fanni kamar Ferdinand Oyono. A 1956, bai ko cika shekara 30 ba, ya fito da littattafai biyu a Faris. Na farko, Une vie de boy, an gina shi ne a matsayin littafin ajiyar sirrin wani boyi mai suna Toundi. Wani matafiyi ya same shi yana gargarar mutuwa a Gini ta Sifaniya, ya karɓi littattafan rubutu guda biyu da yaron ya cika da harshen Ewondo, ya ce shi fassarawa kawai ya yi. Tun shafukan farko ke nan mai karatu ya san ƙarshen Toundi. Saboda haka tambayar ba ta zama ko zai tsira ba, sai dai yaya aka yi yaron da ya bi wani fada Bature saboda ƙwayoyin sukari ya ƙare a haka.

Gwanintar Oyono ita ce ya bar yaron ya faɗi abin da bai fahimta ba. Toundi yana rubuta zagi da shuri da ake masa kamar ba komai ba ne, yana alfahari da zama boyin Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, yana yabon kyawun uwargida. Mai karatu na hango ramin, mai rubutun bai hango ba. Sannu a hankali idonsa ke buɗewa. Ranar da ya ga Kumandan tsirara a wurin wanka ya gane ba shi da kaciya, tsoronsa ya fita daga ransa. Da uwargida ta fara hulɗa da shugaban gidan yari, Moreau, Toundi ne ɗan aike, shi ke share ɗaki, shi ya san komai. Laifinsa ke nan. Satar akwatin kuɗi da aka laƙa masa daga baya hujja ce kawai. Abin da Turawan garin Dangan suka kasa jurewa shi ne zama gida ɗaya da wanda ya san asirinsu. Duk wanda ya taɓa aiki a gidan wani, ko yake da mai aiki a gidansa, zai ji wannan littafi a jikinsa.

Na biyun, Le vieux nègre et la médaille, yana da wani babi da ya isa a karanta shi sau uku. Tsoho Meka ya ba mishan gonakinsa, 'ya'yansa maza biyu sun mutu a yaƙin Faransa, sai aka ce za a ba shi lambar girma ranar 14 ga Yuli. Aka zana da'ira da farin alli a fili aka tsayar da shi a ciki, shi kaɗai. Turawa na inuwa a gabansa, danginsa na can baya. Babban baƙo ya makara. Rana ta buɗe, sabon takalmi ya matse masa yatsu, wuyan kwat ya jiƙe da gumi, ga fitsari ya cika masa mara, kuma ba damar ya taka layin allin. Oyono bai rubuta kalma ɗaya ta siyasa a wurin ba, ƙafa da mara kawai ya bi. Da aka zo maƙala lambar, Meka ya lura wadda aka ba ɗan kasuwar Girka da ke gabansa ba irin tasa ba ce. Matarsa Kelara kuwa, da ta ji wani a cikin taro ya faɗi abin da aka biya kafin a sami wannan ƙarfe, sai ta fashe da kuka. A daren ranar aka kama Meka don ya ɓata hanya cikin ruwan sama ya shiga unguwar Turawa, lambar ma ta faɗi.

Patrice Nganang, haifaffen Yawunde, ya kai dabarar ƙarshenta a Temps de chien na 2001, inda ya ba kare bakin magana. Karen, Mboudjak, yana kwance ƙarƙashin tebur a mashayar ubangidansa Massa Yo, ma'aikacin gwamnati da aka sallama, a unguwar Madagascar da ke gunduma ɗaya da Briqueterie. Mai karatu Musulmi yana iya ƙyamar zaɓin, amma wanda ya karɓi labari daga bakin aku bai kamata kare ya ba shi mamaki ba. Dalilin a fili yake: ba wanda ke rage murya don kare na kusa, saboda haka shi ke jin tsegumi da tsoro da ƙaryar talakawan birni a shekarun matsin tattalin arziki.

Gajeren labari ba ya da filin wannan duka. Ɗaliban Kamaru da dama sun san Les Bimanes na Séverin Cécile Abega, tarin labaran 1982 a kan masu ci da gumin hannunsu, kuma tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata ta mata zalla, wadda labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu ya fara lashewa. A irin wannan rubutu jimlar farko da ta ƙarshe su ke ɗauke da kaya, kuma abin da aka ƙi faɗa yakan fi abin da aka faɗa yawa.

Inda ɗan Briqueterie zai fi cin ribar harsunansa shi ne idan ya ajiye littattafai biyu gefe da gefe, ɗaya daga Marwa ɗaya daga Kano, a kan magana ɗaya.

Djaïli Amadou Amal an haife ta a Marwa a 1975, aka yi mata auren dole tana shekara 17. Littafinta Munyal ya fara fitowa a nan Yawunde a 2017, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019, aka sake buga shi a Faris a 2020 da sunan Les Impatientes. A shekarar ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Goncourt, kuma ɗaliban sakandaren Faransa suka zaɓe shi gwarzon tasu Goncourt ɗin. Kashi uku ne, kowane da bakin mace guda. Ramla tana son ta karanci haɗa magunguna ta auri Aminou, aka ba da ita ga attajiri Alhaji Issa. 'Yar'uwarta Hindou, da aka ɗaura musu aure rana ɗaya, an ba ta ɗan baffanta Moubarak, mashayi mai duka, har hankalinta ya gushe. Ta uku ita ce Safira, uwargidan Alhaji Issa.

Ga abin da karatun gaggawa ke tsallakewa. Mai karatu ya zauna cikin zuciyar Ramla, ya so ta, ya ji zafinta, sai marubuciyar ta karɓe mata baki da zarar an kai ta ɗakin miji. Ba za a sake jin labari daga gare ta ba. In an sake ganinta, ta idon Safira ne, kuma a idon Safira ita ba abar tausayi ba ce, yarinya ce da ta zo ƙwace gidan da aka yi shekara 20 ana ginawa. Safira ta shiga malamai da bokaye, ta saci kuɗin miji don zargi ya faɗa kan amarya, ta yi duk abin da mai karatu zai ƙi. Amma da yake ita ke magana yanzu, sai mutum ya tsinci kansa yana fahimtar tsoronta. Zubin littafin da kansa ya yi wa mai karatu abin da gidan ke yi wa matan: ya raba su, kowace a ɗakinta, ba mai jin kukan wata. Kuma da Ramla ta gudu, Safira ba ta huta ba, don wata amaryar aka kawo.

Littafin yana da rauni, kuma faɗarsa ba rage masa daraja ba ne. Mazan cikinsa kusan fuska ɗaya gare su, sannan a wurare da dama ana jin marubuciyar ta tsaya tana yi wa baƙo bayanin al'adar da matar Briqueterie ta sani tun tana goye.

Balaraba Ramat Yakubu ba ta yi wa kowa bayani. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad ce, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana shekara 13, kuma da ta kama alƙalami 'yan'uwanta mata take yi wa magana kai tsaye. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, wanda sai a 2012 wani kamfanin Indiya mai suna Blaft ya fito da fassararsa ta Ingilishi daga hannun Aliyu Kamal, ba tauraruwa ce ke ba da labari ba. Murya ce da ke shiga kowane gida, ta san abin da ke tukunyar kowa. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma kuɗin cefanen da yake ajiye wa Rabi da 'ya'yanta tara ba sa kai su ko'ina, shi kuwa yana cin mai kyau a waje. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya tashi, ya kori Rabi da yaran. Balaraba ta bi Rabi daki-daki: neman ɗakin haya, kafa sana'ar abinci, kuɗin makaranta, har auren 'yarta Saudatu da attajiri Alhaji Abubakar. Amal zuciyar mace take buɗewa, Balaraba kuwa lissafin gida take bajewa, kwabo da kwabo, kuma a cikin lissafin ne mai karatu ke ganin Rabi ta fi samun sukuni a gidan haya fiye da gidan aure.

Sunan littafin ya yi alkawarin sakayya, kuma an cika shi. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, ya dawo yana roƙo. Masu karatu da yawa a nan suke tsayawa su ce alhaki ya kama shi, labari ya yi kyau. Amma sai a duba zaman sulhun da kyau, a ga su wa suka yi magana. Rabi ta ce ba ta komawa. Maza ne, danginta da surukinta, suka taru suka matsa mata da nasiha da kunya har ta sauko. Matar da ta tsayar da gida da guminta ba a bar ta ta yanke hukuncin rayuwarta ba, kuma nauyin mutumin da ya kore ta a kanta ya dawo. Muryar da ke ba da labarin, wadda ta san sirrin kowa tun shafin farko, ba ta ce an kyauta ba, ba ta ce an yi zalunci ba. Shi ya sa har yau masu nazari ke jayayya a kan wannan ƙarshe: wasu na ganin Balaraba ta miƙa wuya ga al'ada, wasu na ganin a nan ta fi tona mata asiri. Hujjar kashi na biyu ta fi ƙarfi, domin a 1990 ɗin ce ta fito da Wa Zai Auri Jahila?, inda Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka ba tsoho Sarkin Noma, ta gudu Kano ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar da ta buɗe wa Abu wannan ƙofa ta san sarai abin da take yi da ta rufe wa Rabi tata.